Abin da Inna Ta Tara

Yaya tana tsakiyar dariya fuskarta ta tsaya cak. Baki a buɗe, ido ɗaya a lumshe, hannu ya ɗago zai gyara ɗankwali amma bai kai ba. Inna ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki, ta matso dab da wayar da ke jingine a jikin gwangwanin maɓallai.

"Yaya? Ke Yaya, kina ji na?"

Wani ɗan zobe ne kawai yake juyawa a kan hancin Yaya. Inna ta goge fuskar wayar da bakin mayafinta, ta hura mata iska, ta girgiza ta yadda ake girgiza agogon da ya tsaya. Can muryar ta dawo a gutsure: "...rama... keken... mai..." Daga nan kiran ya yanke.

Ko ba ta ji ƙarshen maganar ba ta san ta. Ƙarama, ki zuba wa keken nan mai. Sama da shekara arba'in ke nan Yaya tana faɗa mata haka, tun suna buɗe wannan ɗan ɗaki na ƙarƙashin bene, kekuna biyu suna fuskantar juna a bakin taga. A nan suka ɗinka kayan makarantar rabin yaran layin, daga baya suka ɗinka na 'ya'yan yaran. A nan kowacce ta yi goyo, a nan kowacce ta dawo ta zauna bayan ta binne miji. Duk unguwa Inna ake ce mata, kanta ya yi fari fat, amma a bakin Yaya har gobe Ƙarama ce wadda ba ta iya kalmasa ba.

Da zuciyar Yaya ta fara ba ta wahala, ɗanta Dogo ya zo ya tafi da ita ƙasar da yake aiki, wai can akwai likitocin da suka san kan abin. Aka rufe kekenta da tsohon zani. Inna ta yi watanni tana ɗinki fuskarta na kallon wannan zanin, har ta koma juya kujerarta gefe don kada ta riƙa ganinsa. Auta, 'yarta da suke zaune tare a saman benen, ita ta lura mahaifiyarta na ramewa ba ciwo, ta je ta ɗauko mutumin kamfanin intanet.

Inna ba ta manta ranar ba. Wani mai jar hula ne, bakinsa kamar an shafa masa zuma. Ya hau tsani ya ja waya ta taga, ya kafa ɗan farin akwati a kan kantar da ke jikin bango, tsakanin kwalin zaruruwa da rediyon da ya mutu.

"Wannan da kike gani, Inna, ba iyaka ne," in ji shi. "Ki yi ta magana daga safe har ki gaji."

"Ba iyaka? Ɗan nan, ko ruwan famfo ai yana ɗaukewa."

"Namu ba ya ɗaukewa. Ga shi nan a rubuce a jikin kwali, ba iyaka."

Da gaske a rubuce yake, da manyan baƙaƙe masu launin ja. Abin da ke ƙasa da su kuwa, an rubuta shi da ƙananan da ko mai zura allura a duhu sai ya nemi tabarau, kuma ba wanda ya ce mata akwai shi.

Tun daga ranar safiya ta dawo mata. Auta na ficewa makarantar da take koyarwa, Inna za ta sauko, ta share ɗaki, ta jingina wayar a jikin gwangwani, ta danna hoton Yaya. Wanda ya ɗauka hira suke yi bai san su ba. Gaisuwa ce kawai, sai kowacce ta kama abin da ke gabanta. Inna na taka keke, Yaya na zaune a wata kujera mai laushi a bakin wata taga da Inna ba ta taɓa gani da ido ba, tana shan shayi, tana gyangyaɗi, tana farkawa. Wani lokaci a yi rabin safiya ba wadda ta ce uffan. Sai can Yaya ta ce, ido a rufe, "Zarenki na ƙasa ya kusa ƙarewa." Inna ta buɗe ƙoshiya ta tarar haka ne, ta yi tsaki, Yaya ta yi dariya har da tari.

"A garin nan ba a jin komai, Ƙarama," ta taɓa ce mata. "Ko maƙwabci ba ya tari. In ba ƙarar keken nan ba, da sai in ɗauka na riga na mutu ba a faɗa mini ba."

To yau ga fuskar ta daskare. Inna ta ɗaga kai ta dubi akwatin. Koren hasken da ta saba gani ya koma ruwan ɗorawa.

* * *

Auta ta dawo da la'asar a gurguje, ko takalmi ba ta cire da kyau ba ta buɗe kwamfutarta a kan teburin yanka yadi. Ranar ce ranar jarrabawar ƙarin girma da ta yi shekara tana wa karatu, kuma ta intanet ake rubutawa. Inna ta ga 'yarta tana danna abu ɗaya tana sake dannawa, tana cizon leɓe. Shafin ya buɗe rabi ya tsaya. Ta kashe akwatin ta kunna. Ta fita tsakar gida da kwamfutar a hannu, ta dawo. Kafin ta tare mai babur ta kai gidan ƙawarta, an rufe shiga.

Da ta dawo idanunta sun kaɗa. Ta kira kamfanin, ta ƙara murya yadda Inna za ta ji. Aka bar su da wani kiɗa har Inna ta gama ɗinke hannun riga guda, sannan wata murya mai sanyi ta fito tana musu fatan alheri.

"Kun ce ba iyaka," in ji Auta.

"Haka ne, ranki ya daɗe, tsarinku ba iyaka ne. Sai dai akwai ƙa'idar amfani cikin adalci. Idan gida ya wuce ma'aunin wata, mukan rage masa gudu har wata ya kama. Ai ba mu yanke muku ba."

Inna ta miƙa wuya. "'Yar nan, tsaya in tambaye ki. Akwai ma'auni ko babu?"

"Akwai, Mama."

"To abin da ke da ma'auni ai yana da iyaka."

"A'a Mama, ba iyaka ba ce, ƙa'ida ce."

"Ni tela ce. In mutum ya kawo yadi na ce masa zai isa, sai na zo wajen hannu na ce ƙa'ida ta hana, da wane suna zai kira ni?"

Muryar ta ce ta fahimci damuwar Mama, kuma akwai wani tsari mafi girma idan suna da buƙata, sunansa ba iyaka na musamman. Auta ta kashe wayar.

Auta ta duba wani abu a wayarta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago.

"Inna, kiran bidiyo ne ya cinye. Daga safe har rana ta take, kullum. Kuma fa ko magana ba kwa yi. Ki bar waya a buɗe tana kallon keke, ni kuma shekarata guda ta tafi a banza."

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Kafin su kwanta ta zo ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta ce ɓacin rai ne, ta ce laifin kamfani ne ba na kowa ba. Inna ta dafa kanta ta ce ya wuce. Amma maganar ta riga ta sami wurin zama. Ita da ta yi rayuwarta ba ta taɓa cin rabon ɗa ba, yau da tsufanta ta cinye wa autarta shekara guda da zaman shiru. Kunya ta kama ta ƙwarai.

* * *

Da wata ya kama hasken ya koma kore. A kiran farko Yaya ta kawo labari. Likitoci sun ce za su yi mata aiki a zuciya, amma sai nan da wata biyu da wani abu, sai jikinta ya ɗan yi ƙwari.

"Bayan nan kuma kwanciya ce, wai makonni, ko juyi sai an juya ni. Dogo yana wajen aiki, matarsa tana wajen aiki. Sai ki shirya, Ƙarama, don a kunnena za ki yi ta ɗinki har in tashi."

Inna ta ce to. Tana cewa to tana lissafin kwanakin kwanciyar nan, tana tuna idanun Auta. Idonta ya sauka a kan buhun da ke bayan ƙofa.

Buhun ƙyalle ne. Tun suna 'yan mata Inna ba ta zubar da ragowar yadi, komai ƙanƙantarsa. Yaya ta sha yi mata tsiya a kai, tana cewa wata rana ɓeraye za su naɗa ta sarauniya. Amma daga wannan buhun aka fitar da bargon da aka rufa wa Dogo yana jariri, daga cikinsa aka yi wa Auta jakar makaranta shekarar da mahaifinta ya kwanta ciwo. A sanin Inna, abin da ba ka taɓa ba yana nan yana jiranka. Haka yadi yake, haka zare, haka man keke.

Washegari, Auta na fita, ta hau kan kujera ta zare wayar akwatin daga bango. Ta ɗauko wani ƙyalle mai furanni ta rufe shi, don kada ƙura ta shiga, don kuma ta ji kamar abu a rufe ya fi ajiyuwa. Kafin Auta ta dawo ta mayar da komai yadda yake. Ba ta faɗa mata ba, don ta san za ta hana, ta kuma ɗora wa kanta laifi.

Safiya ta koma irin ta da. Motoci na wucewa, mai shagon gyaran takalmi na buga gudumarsa a tsallaken titi, masu kawo ɗinki na shigowa suna fita. Inna na taka keke, zaren ƙasa ya ƙare ba ta sani ba, sai ta yi tafiya mai nisa a kan yadi ta ga ba abin da ya kama. Ta sake juya kujerarta gefe.

Sau ɗaya a mako take kunna akwatin ta kira, shi ma murya kawai, a tsaitsaye.

"Kwana biyu shiru," in ji Yaya.

"Sabis ne. Kin san halinsu."

"Kina taɓa kunne yanzu haka."

Inna ta sauke hannunta daga kunne. Tun tana yarinya in za ta yi ƙarya sai ta ja kunnenta na hagu, kuma Yaya ba ta buƙatar hoto kafin ta gani.

"To tarawa nake yi," ta ce. "Ashe abin da awo yake. In na bar na wannan watan da na mai zuwa, lokacin da za ki kwanta sai mu samu mai yawa, mu yini tare, ita ma Auta ya ishe ta."

Yaya ta yi dariya har Inna ta ji matar Dogo tana tambayar ko lafiya. "Mai buhun ƙyalle. Yanzu har iska kike tarawa?" Ta yi tari, ta numfasa. "Amma kin yi dabara. Tara mana da yawa, don ni in na kwanta ba na son a riƙa yanke mini."

Ita ma ta yarda. Me zai hana ta yarda? Tare aka koya musu tattali, a gida ɗaya, a hannun uwa ɗaya mai ninke takardar sukari ta ajiye.

Ranar da za a kwantar da ita asibiti, Yaya ce ta kira da kanta, bayan Inna ta mayar da wayar akwatin a bango. Muryarta ta yi ƙasa, amma tsiyar tana nan. Ta tambayi ko an gyara makwararar da ke zuba a bakin ƙofa. Ta tambayi ko matar mai burodi ta zo karɓar rigarta ko har yanzu tana jiran ta rame.

"Ƙarama."

"Na'am, Yaya."

"Ɗan taka mini in ji."

Inna ta zauna ta ɗora ƙafa. Keken ya ɗauka, tak-tak-tak, ya cika ɗakin. Ta yi layi ɗaya a kan wani ƙyalle, ta kai ƙarshe, ta tsaya. Idonta na kan koren hasken nan.

"Har kin tsaya?"

"Sauran sai bayan aiki. Kada mu taɓa ajiyarmu."

"Rowa dai, rowa," in ji Yaya. "To shi ke nan. Ki zuba masa mai kafin nan, yana ɗan kuka ta hagu."

* * *

Da rana tsaka Dogo ya kira, kuma wayar Auta ya kira, ba ta Inna ba. Inna tana jin takun 'yarta a bakin ƙofa a lokacin da ya kamata a ce tana aji, ta ajiye almakashi. An yi aikin, in ji likitoci, aikin ma ya yi kyau. Yaya ce dai ba ta farka ba.

A can aka binne ta. Mutanen layi suka yi ta shigowa, waɗanda Yaya ta ɗinka wa kayan makaranta suka zo da furfura a gemu suna ba da labarin yadda take soka musu allura da gangan in sun ƙi tsayawa a auna su. Inna ta yi dariya tare da su, ta yi kuka tare da su. Da ƙafa ta ɗauke, ta sauko ɗakin ɗinki ta zauna ba ta taɓa komai ba.

Auta ta same ta a nan wata ranar hutu da hantsi, ta kawo mata shayi. An sake buɗe rajistar jarrabawar, amma ba ta son ta ɗaga maganar. Inna ce ta ɗaga.

"Na ji kina waya jiya. Yaushe ne?"

"Wata mai zuwa, Inna."

"To wannan karon ba abin da zai tsaya miki." Ta nuna akwatin da haɓa. "Akwai ajiya a ciki, ta wata biyu da ɗoriya. Na Yaya ne, na tara mata don kwanciyarta. Tunda Allah bai yi za ta ci ba, ke ki yi karatunki da shi. Ladan ya je mata."

Auta ta ajiye kofin a hankali. "Wace ajiya?"

Inna ta faɗa mata. Yadda take zarewa da safe, yadda take rufewa da ƙyalle, yadda take mayarwa kafin la'asar. Tana faɗa har da ɗan alfahari, irin na wanda ya ɓoye abu a gida ba a gane ba. Sai da ta kai ƙarshe ta lura Auta ta toshe baki da hannu.

"Inna, tun yaushe kika daina kiran ta da safe?"

"Tun bayan jarrabawarki. Me ya faru?"

Auta ta zame ta zauna a ƙasa, a gefen buhun ƙyalle. Ta so ta yi ƙarya, Inna ta ga alamar haka a fuskarta, amma ba ta iya ba.

"Ba ya taruwa, Inna."

"Kamar yaya ba ya taruwa?"

"In wata ya ƙare, abin da ya rage sai su share. Su sake ba da sabo daga farko. Ko kin taɓa, ko ba ki taɓa ba."

Inna ta dubi akwatin, ta dubi 'yarta. "Su share su kai ina?"

"Ba ko'ina. Babu shi ne kawai."

"A'a. In na wuce awo sun sani, har su rage mini gudu. In na rage kuma ba su sani ba?"

"Sun sani."

"To wa suka ba?"

Kuka Auta take yi sosai, tana cewa da ta sani, da ta yi shiru ranar nan, da ta duba. Inna ba ta ji haushinta ba ko kaɗan. Lissafi take yi, irin wanda ba a yi da lamba. Duk safiyar nan da ta zauna ita kaɗai fuskarta a bango. Duk safiyar da Yaya ta zauna a bakin tagarta a garin da ko maƙwabci ba ya tari, tana jira, tana cewa ana tara mata. Da layi ɗayan nan da ta yi ta tsaya, alhali yadin bai ƙare ba, ƙafarta ma ba ta gaji ba. Baƙin ciki ya taso mata tun daga ciki.

"Tashi," ta ce wa Auta. "Tashi, shayin nan zai huce."

* * *

Ranar ɗaya ga wata saƙo ya shigo wayar Inna da safe. Matar mai burodi ce ta karanta mata, da ta zo karɓar rigarta a ƙarshe. Kamfanin yana taya ta murna, an sabunta mata tsarinta, ta ci gaba da more hira da 'yan uwa da abokan arziki ba iyaka.

Da matar ta fita, Inna ta juyo da kujerarta yadda take a da, tana fuskantar keken da ke rufe da zani. Ta jingina wayar a jikin gwangwanin maɓallai. Hoton Yaya yana nan a saman jerin sunaye, da ɗankwalinta a karkace. Ba ta danna ba. Can a kan kantar, hasken akwatin kore ne shar.

Ta jawo wani dogon ƙyalle daga buhu, ta sa a ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafa. Keken ya ɗauka, yana ɗan kuka ta hagu. Kwalbar man tana nan kusa da hannunta, a cike. Ta bar ta a wurin, ta ci gaba da takawa.